Ni da Kawu a Shildon, wajen sayen jirgin ƙasa na cikin kwali

Daga tashar King's Cross ta Landan zuwa York mil 188 ne, jirgi yana cinye su cikin kamar sa'a biyu, kuma Kawuna bai runtsa ba har muka isa. Aikin ido ya kawo shi Ingila. An yi lafiya, likita ya ce ya ɗan huta kafin ya hau jirgin sama, to hutun ne ya gagara. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran kawunan jirgi a loko ta Zariya ba zai zauna a falo yana kallon talabijin ba, alhali an gaya masa akwai garin da aka tara tsofaffin jirage aka yi musu rufi. Ni ma ina da tawa buƙatar, sai dai ban faɗa masa ba tukuna. Akwai wani ɗan ƙaramin jirgi da na daɗe ina so, irin wanda gidan tarihin jiragen ke sa a ƙera masa shi kaɗai, ba a samun sabonsa a kantunan gari.

Da muka wuce Peterborough na ce ya zuba ido ta taga. A tsakanin nan da Grantham akwai gangaren da ake kira Stoke Bank, inda jirgin Mallard ya yi gudun mil 126 a sa'a ranar 3 ga Yuli 1938, gudun da har yau babu jirgin tururin da ya kamo shi. An kafa allo a gefen dogo don tunawa. Namu jirgin ya wuce shi fiit, ni dai wani abu na gani ya gifta, Kawu kuwa ya ce shi ya gani sarai, ai sabon ido gare shi. Ban yi musu ba.

Gidan tarihin jiragen ƙasa na York yana bayan tasha, tafiyar ƙafa kaɗan ce. A 1975 aka buɗe shi, kuma shiga kyauta ne, sai akwatin taimako a bakin ƙofa ga wanda ya so. Babban zauren tsohuwar loko ce, har yanzu faifan da ake juya kan jirgi yana nan a tsakiya, jirage sun kewaye shi. Mallard na can gefe da shuɗin fentinsa da dogon goshinsa mai santsi, mutane sai ɗaukar hoto suke yi. Kawu ya kewaye shi, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya tambaye ni ko bayan wancan gudun injin ya tsira. Na karanta masa abin da na sani: wani maɗauri a tsakiyar injin ya yi zafi fiye da kima, dole aka cire shi daga jirgin a Peterborough. Ya gyaɗa kai ya ce, “Dama. Direba ya sha yabo, masu gyara suka kwana a rami.”

Inda ya fi daɗewa shi ne gaban wani kan jirgi mai suna Ellerman Lines, wanda aka yanke masa gefe guda tun daga gaba har baya don a ga cikinsa. Ga akwatin wuta, ga bututan da ke ratsa tukunyar ruwa, ga hanyar da tururi ke bi ya tura fistin. Kawu ya shiga yi mini darasi da sandarsa, yana nuna inda laka ke taruwa idan ruwa ba shi da kyau, da inda bututu ke fara yoyo. Kafin a jima wasu Turawa da 'ya'yansu sun tsaya a bayanmu suna saurare, ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma sandar suke bi da ido.

Can kuma muka iske wani jibgegen baƙin kan jirgi da aka ƙera wa ƙasar Sin a 1935, daga baya Sinawa suka mayar da shi kyauta. Kawu bai damu da girmansa ba, sunan maƙerarsa ne ya tsayar da shi: Vulcan Foundry. Ya ce wannan suna ya goge shi da tsumma ba adadi, domin ita ce ta ƙera wa Nijeriya da yawa daga cikin kawunan da aka raɗa wa sunayen koguna, waɗanda suka yi ta jan gyaɗa da auduga daga Arewa zuwa bakin teku. Taragon jirgin Japan mai gudun tsiya da aka kawo a 2001 kuwa, leƙawa kawai ya yi ya fito, ya ce wannan ai jirgin sama ne aka hana shi fiffike.

Shahararren kan jirgin tururin nan, Flying Scotsman, ba ya nan ranar, ya fita yawo, don har yanzu yana jan fasinja a wasu lokuta. Labarinsa ne ya buɗe mini ƙofar maganar da nake ɓoyewa. Gidan tarihin ya saye shi a 2004 kan fam miliyan 2.3, gyaransa ya ci sama da fam miliyan 4, bai koma kan dogo ba sai 2016. Kawu ya riƙe baki. Ya ce to wurin da ba a karɓar kuɗin shiga, ina suke samo wannan dukiya? Na ce akwai kason gwamnati, akwai gudummawar jama'a, akwai kuma ciniki. Cikin cinikin har da 'yan ƙananan jirage da suke sayarwa, kwafin waɗannan da muke gani, ribar tana komawa wajen kula da manyan. Na ce gobe in Allah ya kai mu za mu je Shildon, inda sashen cinikin yake, ina so in sayi ɗaya.

Ya dube ni ta saman tabarau. “Kayan wasan yara za ka kai ni saye?”

Na ce, “Kawu, ku dai bari sai kun gani.”

Washegari muka hau zuwa Darlington, tafiyar kamar rabin sa'a, muka sauya zuwa wani ɗan jirgin ƙauye mai zuwa Bishop Auckland. Da barin Darlington kaɗan ake haye gadar Skerne, wadda aka gina a 1825 kuma jirgi bai daina bi ta kanta ba tun daga lokacin. Layin nan shi ne tsohon layin Stockton da Darlington, wanda aka buɗe ranar 27 ga Satumba 1825, kuma daga Shildon jirgin ranar ya tashi, injiniya George Stephenson na tuƙi. Garin kansa ƙarami ne, shiru, gidajen jan bulo a jere. Dogo ne ya raya shi, dogo ne kuma ya bar shi: masana'antar taragun kaya da ta riƙe garin an rufe ta a 1984, ɗimbin mutane suka rasa aiki. Kawu ya kalli titunan ya ce ya san irin wannan shirun, ya gan shi a kwatas ɗin reluwe.

Gidan tarihin Shildon sunansa Locomotion, reshe ne na na York, an buɗe shi a 2004, shi ma kyauta. A nan kan jirgin da ya ja tafiyar 1825 yake, Locomotion mai lamba 1, ɗan ƙarami da dogon bututun hayaƙi da tarkacen sanduna a bisa. A Darlington ya zauna shekara da shekaru, sai a 2021 aka dawo da shi nan bayan ja-in-ja mai zafi tsakanin garuruwan biyu. Muka gaishe shi muka wuce, don ni hankalina yana kan wani daban.

Deltic ke nan. Kan jirgin dizal ne da kamfanin English Electric ya ƙera a Preston a 1955 don gwaji, guda ɗaya tak. Launinsa shuɗi mai haske, da zane ruwan madara a hanci da gefe, da gurbin babbar fitila a goshi irin ta jiragen Amurka, don kamfanin yana fatan samun kasuwa a ƙasashen waje. Injuna biyu ne a cikinsa, na kamfanin Napier, asalinsu na jiragen ruwan yaƙi ne, kowanne da silinda 18 da aka jera su kusurwa uku, fistin biyu suna fuskantar juna a kowace silinda. Ƙarfinsu a haɗe doki 3,300. Ya yi aiki zuwa 1961, inji ya lalace, aka ajiye shi, amma ya riga ya gamsar da hukumar jiragen Birtaniya har ta sayi 22 irinsa don layin Landan zuwa Edinburgh. Sunan English Electric ma ba baƙo ba ne a wajen Kawu, yana cikin kamfanonin da suka kawo wa Nijeriya kawunan dizal na farko. Ya ce lokacin da dizal ya shigo, tsofaffin masu tururi cewa suka yi ba zai daɗe ba.

Shagon yana kusa da ƙofar shiga. Akwai kofuna da riguna da littattafai irin na kowane gidan tarihi, sai kuma akwatunan gilashi da aka jera 'yan jiragen. Kawu ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Abin da ya zata roba ce mai launi irin ta kasuwa, sai ya ga kowace ƙusa da kowane bututu da matakalar direba a wurinsu, har rubutun da ke jikin allon maƙera ana iya karantawa in ido na da kyau. Tsawon Deltic ɗin bai kai santimita 30 ba, amma da mai shagon ta ɗora mini shi a tafin hannu sai na ji nauyi, don ƙarfe ne a cikinsa da mota mai juya ƙafafun.

Yadda abin yake tafiya shi ne, gidan tarihin ba ya ƙera komai da kansa. Yana da abin da babu mai shi: jirgin na gaske, da zanen injiniyoyin da suka ƙera shi. Sai ya haɗa kai da kamfanin da sana'arsa ke nan, irin su Bachmann ko Hornby ko Rapido na Kanada, su zo su auna jirgin, wani lokaci da na'urar haske mai ɗaukar siffa, a sassaƙa mazubin ƙarfe, a zuba a masana'anta a ƙasar Sin. Mazubin nan shi ne mai cin kuɗi, kuma ko guda ɗari za a zuba ko dubu goma, kuɗinsa ɗaya ne. Jirgi irin Deltic, da guda ɗaya ne a duniya kuma launinsa kusan ɗaya, kamfani yana jin tsoron zuba kuɗi a kansa. Gidan tarihin sai ya ɗauki kasadar, shi kuma a ba shi damar sayarwa shi kaɗai. Da Deltic ɗin nan aka fara jerin, Bachmann ya yi shi, kan jirgin tururi mai suna City of Truro ya biyo baya, wanda ake cewa ya haura mil 100 a sa'a tun 1904, ko da yake masana ba su daina gardama a kai ba. Daga baya Rapido ya yi musu APT-E, jirgin gwaji mai karkata a kwana wanda na gaskensa ke nan cikin zauren, da kuma Stirling Single na 1870 mai ƙatuwar ƙafa guda a kowane gefe, tsayinta ƙafa takwas da inci ɗaya.

Sau da yawa tun kafin a zuba ake sanarwa, mai so ya ba da kafin alƙalami ya jira, wani lokaci shekara ta zagayo kaya ba su iso ba. In sun iso, wasu suna zuwa da takardar shaida mai lamba. In sun ƙare, sun ƙare, sai dai a nema a hannun wanda ya riga ya saya. Ni a ganina ƙarancin nan rabi gaskiya ne rabi dabarar kasuwa. Gaskiya ne ba za a zuba abin da zai kwana a sito ba. Amma mazubi ba ya mutuwa, kuma Deltic ɗin ma an sake zuba shi fiye da sau ɗaya, kowane zubi da ɗan bambancin fenti ko kwali, shi ya sa ma na same shi. Abin da ke da iyaka shi ne wannan zubin, ba jirgin ba. Wanda ya gane haka ba zai bari a tayar masa da hankali ba.

Ana cikin haka Kawu ya tambayi kuɗin. Irin waɗannan suna farawa daga fam ɗari da wani abu, masu sauti kuwa, waɗanda aka sa wa 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da lasifika suna kukan injin na gaske, suna iya haura ɗari uku. Na faɗa masa. Ya yi shiru yana lissafi da leɓe, na san naira yake mayarwa, na kuma san buhunan masara yake ƙirgawa.

“Ɗan nan, uwarka ta san da wannan?”

Na ce ba ta sani ba, kuma ina roƙon arziki kada ta ji daga bakinsu. Mai shagon ba ta jin abin da muke faɗa amma ta gane, ta yi murmushi ta ce kusan kowane mai saye yana da wanda yake ɓoye wa rasit.

Abin da ya sauya masa ra'ayi ba bayanina ba ne. Cewa ya yi a ba shi jirgin, ya riƙe shi, muka nemi izini muka koma zauren da shi, ya tsaya gaban na gasken yana duba wannan yana duba wancan. Ya ƙirga tagogi, ya ƙirga ramukan iska na gefe, ya duba yadda zanen hanci ya lanƙwasa. Wannan dama ita ce ba ka samu a wani kanti, taku kaɗan ne tsakanin kwafin da asalinsa. Ya ce aikin ya yi, waɗanda suka yi shi sun san jirgi. Sai kuma ya juya shi ya kalli ƙafafun ta gaba, ya ɗaure fuska, ya ce amma dogon nan ya yi masa ƙunci, jikin ya fi ƙafafun faɗi.

Wani dattijo Bature da ke taimakawa a zauren, cikin masu aikin sa kai, ya ga muna nune-nune ya matso. Da na fassara masa abin da Kawu ya ce, sai ya yi dariya har da tafawa, ya miƙa masa hannu. Ya ce Kawu ya taɓo gardamar da ta kusa shekara ɗari. Ma'aunin da Ingila ta fi amfani da shi ana kiransa OO: kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske milimita 4 ce, wato an rage shi sau 76. Amma dogon da yake hawa faɗinsa milimita 16.5 ne, wanda aka aro daga ma'aunin HO na Turai da Amurka, inda ake ragewa sau 87. Dalili kuwa, jiragen Ingila sun fi na sauran ƙasashe ƙanƙanta, 'yan injinan lantarki masu juya ƙafafu na wancan zamani ba sa shiga cikinsu in an rage su sosai, sai aka ƙara girman jiki aka bar dogo yadda yake. Da za a mayar da shi girman gaske, dogon zai tashi ƙafa huɗu da inci ɗaya da rabi, maimakon ƙafa huɗu da inci takwas da rabi. Akwai masu tsananin da ba su yarda ba, suna cire ƙafafun su buɗa su, su shimfiɗa nasu dogon mai milimita 18.83 da hannu. Kawu ya ce waɗannan su ne mutanen kirki. Ya kuma gaya wa dattijon cewa shi a kan dogo mai ƙafa uku da inci shida ya yi aikinsa, wanda ya iso Kano a 1911, don haka ƙuncin dogo ba a kansa aka fara ba.

Dattijon nan ne ya ba mu labarin masu saye don ajiya. Da an sanar da sabon zubi sai su yi oda biyu ko uku, ba za su ko yanke tef ɗin kwalin ba, su jira ya ƙare a shago su fitar a kasuwar intanet ta eBay da riba, tamkar masu sayen hatsi da kaka su kulle sai damina ta yi nisa. Wani lokaci suna ci, musamman a kan irin su APT-E. Wani lokaci kuma a sake zubi, ko wani kamfani ya fito da wanda ya fi shi kyau, farashi ya faɗo musu a ka. Ya shawarce ni in adana kwalin da takardun ciki ko da ba ni da niyyar sayarwa, don jirgi marar kwali darajarsa tana raguwa sosai. Kawu ya ce kwali a ajiye, amma inji in ba ya aiki mutuwa yake yi, mai yana daskarewa, babba da ƙarami duk ɗaya. Dattijon ya ce haka yake ko a nan, motar tana son a riƙa juya ta.

Kafin mu rabu Kawu ya sa na tambaye shi ko ana samun kwafin kawunan Nijeriya masu sunayen koguna. Ya ce shi bai taɓa ganin na kanti ba, wanda ke so sai dai ya nemo zane ya yanka tagulla ya haɗa da kansa. Ba abin mamaki ba ne, mazubi yana bin yawan masu saye. Ni abin da ya tsaya mini shi ne, ko da masu sayen sun samu, sai an sami jirgin da za a auna. Akwai 'yan kawunan ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, da aka ajiye a gidan tarihi na Jos, akwai kuma ɗan gidan tarihin reluwe a Jaekel House da ke Ebute Metta a Legas. Kawu ya lissafa wasu kawunan da ya sani da lambobinsu, da inda ya yi musu ganin ƙarshe, yawanci a ƙarshen yadi cikin ciyawa.

Na biya. Ga mai niyyar zuwa, farashin da ke jiki ya haɗa da harajin kashi 20 cikin ɗari, kuma tun farkon 2021 Birtaniya ta daina mayar wa baƙi wannan haraji a filin jirgi, don haka kada a sa rai. Na ɗauki marar sauti, wanda ke aiki da wutar bolt 12 ta ɗan akwatin sarrafawa, na bar mai sautin sai wani jiƙon. Filogin akwatin mai baki uku ne irin na gidajenmu, wannan bai zama matsala ba. Matsalar ƙura ce da zafi. Ƙurar hunturu tana hawa dogo ta hana wuta isa ga ƙafafu, rana kuma tana lanƙwasa roba, don haka ɗakin da za a shimfiɗa shi sai mai rufaffiyar taga, da mayafi a kai in ba a wasa.

A jirgin komawa Kawu ne ya rungume ledar, bai ba ni ba. Wajen Doncaster, garin da aka ƙera Mallard da Flying Scotsman, ya zaro takardar bayanin da ke cikin kwalin ya sa na karanta masa mafi ƙanƙantar kwanar da jirgin zai iya sha, na ce milimita 438 daga tsakiya. Ya ari biro ya yi lissafi a bayan tikiti, ya ce ke nan teburin ba zai gaza mita ɗaya a faɗi ba, kuma gara a ƙara don kada ya faɗo ƙasa in ya kauce. Ya ce akwai kafinta a Sabon Gari da zai yi shi da katako mai kyau, a ɗakinsa na waje za a kafa, tunda ni ba ni da wuri a Landan. Na ce ai ban ce a Zariya jirgin zai zauna ba. Ya ce in na tashi zuwa hutu in taho da dogo mai yawa da taragu huɗu, kuma in nemo masu launin da ya dace da shekarar 1955, kada in kwaso masa na zamani.